Ruwan Allon Baba

Ƙofar Gayan, Birnin Zariya
Ranar Asabar

Goggo Batul,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai tsawon hanyar Zariya zuwa Gembu, da fatan sanyin dutsen nan bai ƙarasa daskarar da ke ba. Mu nan lafiya lau. Umma tana gaishe ki, ta ce ki daina turo hoton ganyen shayi, ki aiko ganyen da kansa. Ƙafar kakarmu Inna ta yi sauƙi, har ta fara zagaya gida tana neman wanda za ta yi wa faɗa. Ƙanena Lado ya yi mura ya warke.

Kin ce in riƙa rubuto miki da hannu, Umma ta ɗauki hoto ta tura miki a waya, wai don rubutuna ya gyaru. To ga shi. In kin ga ya karkace, laifin biro ne.

Maganar 'yar kwamfutar Baba ce ta sa na rubuto. Kin tuna ta, wadda ba ta fi sabulun wanki girma ba, da yake jona ta da tsohuwar talabijin ɗin ɗakinsa? Tun rasuwarsa bara ba wanda ya taɓa ta, sai bayan sallar nan na roƙi Umma ta bar ni. Ta tashi lafiya, kuma aikin da muka fara tare yana ciki.

Ban sani ba ko ya taɓa nuna miki. A manhajar nan ce da ake jera tubala masu launi don a gaya wa kwamfuta abin da za ta yi. Ni na zana allo irin na makaranta, ni na jera tubalan, shi kuma ya ɗauki muryarsa. In aka danna dogon madannin nan, sai harafi ya fito a kan allon, Baba ya faɗi sunansa yadda ake karatun babbaƙu: ba, sin, mim. Don Lado muka yi. Ya gama Bisimilla, ya kai tsakiyar Fatiha, sai ciwon ya kwantar da shi. Daga nan haruffan suna fitowa, amma ba murya.

Yanzu kullum Lado sai ya zauna ya danna. Yana bi tiryan-tiryan, har da jan da Baba yake yi wa "ha ƙarami". In ya kai wurin shirun sai ya juyo ya ce mini, "Baba ya tafi masallaci?" Umma ba ta zama a ɗakin in muka kunna.

Ina so in ƙarasa masa, ko da da muryata ce, duk da Inna ta ce karatuna kamar ana kora ta. Makirfon Baba ya lalace. Malama Radiya, mai kula da ƙungiyar kwamfuta a makarantarmu, ta ara mini nata, amma kwamfutar ta ƙi gane shi. Malama ta ce manhajar ce ta tsufa, sai an sabunta ta.

Sai kuma maganar Inna. Tun ranar da ta ji Bisimilla ta fito daga ciki, ta ce wannan abu ba na ajiyewa a ko'ina ba ne. Ta ɗauko tsohuwar gafakar kakanmu marigayi Malam ta saka ta ciki, ta ɗora a saman littattafai, kuma ba na ɗauka sai da alwala. Da na yi mata bayanin sabuntawa sai ta ce, "Wato wanke allon za ku yi ku rubuta sabo." Na ce kusan haka ne. Ta ce, "To ruwan fa? A gidan nan ba a taɓa wanke allo an kwarara ruwan a kwata ba. Ina za ku zuba shi?"

Goggo, tsoro nake ji. In na sabunta muryar Baba ta tafi fa? Ba mu da ita a ko'ina sai nan, wayarsa ma an goge ta kafin mu farga. Ki gaya mini yadda zan yi.

'Yarki,
Ibtisam

Gembu
Ranar Talata

Ibtisam 'yar Yaya,

Wa alaikumus salam. Na same ku lafiya a takarda, Allah Ya sa haka yake a gida. Ni ƙalau nake, in ban da ruwan sama da ya ɗauki garin nan haya. Muna hawa da sauka muna kafa sola a asibitocin ƙauye, kuma in zan tura saƙo sai na hau wani tudu bayan masaukinmu na ɗaga waya sama, shanu suna kallona. Ki ce wa Umma ganyen shayi yana hanya. Rubutunki ya gyaru, biron ma ba shi da laifi.

Ban san Yaya Sharfaddeen ya yi wannan aiki ba. Na karanta wurin "ha ƙarami" na ajiye wayar na daɗe ban ɗauka ba. Jan nan da kike ji ba nasa ba ne, na Inna ne. Ita ta koya mana babbaƙu a bakin murhu kafin a kai mu gaban Malam, tana tuƙa tuwo tana gyara mana, muciya a hannu. Ni na manta rabi, shi bai manta komai ba.

Tambayar Inna kuwa, ki ce mata duk wanda ya koya mini aikin nan da ita ya fara, sai dai bai iya faɗinta da kyau haka ba. Ga inda ruwan zai je. Ki duba ƙarƙashin kwamfutar, akwai ɗan memori a maƙale, duk abin da ta sani a cikinsa yake. Ki sa Umma ta samo miki wani sabo, da abin da ake saka shi a jona. Ki nemo jakar da aikinku yake ciki, ki kwafe ta gaba ɗaya zuwa sabon memorin. Kada ki yarda da ido. Ki buɗe aikin daga sabon, ki danna, ki ji muryar da kunnenki tun daga ba har inda ya tsaya. Sannan ki cire shi ki ba Inna ta ajiye inda ba wanda zai taɓa shi. Ki ce mata ga ruwan allon nan.

Bayan haka sai sabuntawa. Umma ta buɗe miki data a wayarta. Ki buɗe baƙar tagar nan da ake rubuta umarni. Layi biyu ne na Turanci, na rubuta miki su a ƙasan takardar nan, ki kwafa harafi da harafi. Na farko yana tambayar mene ne sabo, na biyu yana ɗauko shi. In ta tambaye ki ko ta ci gaba, ki amsa mata. Daga nan sai haƙuri, don za ta daɗe, rubutu ya yi ta gudu kamar ba zai ƙare ba.

Abu ɗaya ne zan ja miki kunne a kai: kada wuta ta yanke mata tana tsakiyar aiki. Kada ki dogara da wutar gari, na san halinta a unguwarmu. Ki jona ta da batirin solar ɗakin Umma, bayan rana ta cika shi. Ki kuma hana Lado zuwa kusa, na san hannunsa ba ya zama.

Kada ki ji tsoro. Yaya ma ya sha ɓata abubuwa kafin ya iya, rediyon Malam shaida ne. Ki gaida Inna, ki ce ta rage faɗa ƙafa ta samu ta huta.

Goggonki,
Batul

Ƙofar Gayan
Ranar Lahadi

Goggo,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya, ni ce dai ba lafiya ba, amma ba ciwo ba ne. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Na yi duk abin da kika ce. Na kwafe, na buɗe daga sabon memorin, na saurara har ƙarshe, ya yi daidai. Na kai wa Inna na ce ga ruwan allo. Ta karɓa da hannu biyu, ta juya shi a tafinta ta ce, "Duk a cikin wannan ɗan ƙumbar?" Na ce e. Wannan ranar Alhamis ce.

Jiya na zauna sabuntawa. Na tura Lado gidan maƙwabta, na jona batiri. Amma kin san bangon ɗakin Baba, ginin ƙasa mai kaurin nan, waya ba ta kama komai a ciki. Sai na jawo kayan duka zuwa bakin ƙofa, na shimfiɗa tabarma na ajiye kwamfutar a kai kusa da wayar Umma. Layi na farko ya wuce lafiya. Na biyu ya fara, rubutu yana ta gudu, har na fara jin daɗi. Aka kira La'asar, na ce bari in yi alwala in dawo.

Goggo, wuta ba ta ɗauke ba. Lado ma ba ya gidan. Kaza ce ta zo da 'ya'yanta suna bin tabarmar, Inna ta hango daga ɗakinta. Kafin in dawo ta kore su, ta zare wayoyin duka, ta goge kwamfutar da gefen mayafinta, ta mayar gafaka. Na tarar da ita tsaye tana jirana da faɗa: "Ke wace irin yarinya ce? Kin bar Fatiha a ƙasa kaji suna tsallakawa!"

Na mayar da komai na kunna. Wasu layuka suka fito suka tsaya cak. Na kashe na sake kunnawa, sai baƙin allo kawai. Na tuna akwai memori na biyu, sai na je wurin Inna na ce ta ba ni abin da na ba ta.

Ta sa hannu a wuyan rigarta ta jawo wani zare. Laya ce, Goggo, jar fata sabuwa fil. Ashe tun ranar Juma'a ta naɗe memorin a takarda ta aika wa Aƙilu baduku ya ɗinke. Ta ce, "Ba cewa aka yi in ajiye inda ba mai taɓawa ba?" Na ce sai an buɗe. Ta mayar da ita cikin riga ta ce ita ba ta taɓa jin inda aka farke laya ba.

Na bi ta wurin Aƙilu da yamma na tambaye shi ko ya lura da abin da ke ciki. Ya ce shi ba ya leƙa abin da aka ba shi a naɗe. Ya ɗinka yadda ya saba, kuma ya ɗan bubbuga ta da guduma don ta kwanta sosai. Ya faɗa yana murmushi, yana jiran in yaba aikin.

Na yi kuka a hanya. Da ban je alwala ba, ko da na gaya wa Inna tun farko kada a taɓa. Me zan yi?

Ibtisam

Ƙofar Gayan
Ranar Laraba

Goggo,

Ina gaisuwa. Shiru ba ki amsa ba, ga shi har an shiga wani mako. Umma ta ce takardar ta tafi, amma ba alamar kin buɗe. In fushi kike yi, kin yi gaskiya, amma ki faɗa mini, ya fi mini shirun nan.

Malama Radiya ta saka tsohon memorin a kwamfutarta ko za ta ciro aikin, ko ganinsa kwamfutar ba ta yi ba. Ta gwada a wata, haka. Ta ce ya mutu.

Ni da Inna gaisuwa kawai muke yi. Lado yana tambaya kullum. Na gaji da cewa an ɗauke wuta, sai na gaya masa muryar Baba tana wurin Inna, ta ajiye.

Ibtisam

Gembu
Ranar Litinin

Ibtisam,

Wa alaikumus salam. Lafiyata lau, kuma fushi da ke ko a mafarki ban yi ba. Tsawa ce ta faɗa wa ƙarfen sadarwa na yankin nan, ruwa kuma ya cinye hanya, muka maƙale a wani ƙauye. Jiya aka gyara, takardunki biyu suka shigo tare. Na karanta ta farko a kan tudun nan, na yi dariya har na zauna a ciyawa da na kai wurin guduma, ban san lokacin da dariyar ta koma kuka ba.

Laifi ba naki ba ne. Ni na ja miki kunne a kan wuta da Lado, na manta da uwata, wadda na fi kowa sanin halinta. Ni kuma na ce a ajiye inda ba wanda zai taɓa. A wurin Inna wuri ɗaya ne yake da wannan suna.

Ga gaskiyar magana. Tsohon memori in aka yanke masa wuta yana tsakiyar rubutu, wani lokaci ba ya tashi. Kwamfutar kanta ba abin da ya same ta. Ki kai wa Malama Radiya wani sabon memori ta zuba masa sabuwar manhajar gaba ɗaya daga tata kwamfutar, ki saka, za ta tashi, ta kuma gane makirfon. Sabuntawar ke nan, ta wata ƙofa. Abin da zai rage shi ne aikinku, kuma yana cikin fata. Ko gudumar ta same shi ko ba ta same shi ba, ni da ke ba mu sani ba sai an buɗe.

Kada ki matsa mata, kada kuma ki yi tunanin ɗauka tana barci, na san ya zo miki a rai. Bari in gaya miki wani abu. Babanki ɗan fari ne, kin san al'ada. Tunda nake ban taɓa jin Inna ta kira sunansa ba. Ba ta zama su yi hira, ba ta yaba shi a gaban mutane. In ya shigo gaishe ta sai ta kawar da kai ta amsa wa bango. Ranar da ya rasu mutane suna kuka ita tana ba su haƙuri. Wannan layar ita ce karo na farko da na ji ta riƙe wani abu nasa a jikinta. Ki bar ni da ita. Ki karanta mata takardar nan daga inda na ce ga gaskiyar magana zuwa inda na ce sai an buɗe, sauran namu ne ni da ke.

Goggonki,
Batul

Takarda daga Hajiya Tani zuwa ga 'yarta Batul. Ibtisam ce mai rubutawa, kuma na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini magana.

Bayan sallama, ina fata kina lafiya kina kuma sallah a kan lokaci. An ce kina hawa tudu cikin ruwa don waya, ki daina, ba mu da wani abin da ya kai lafiyarki.

An karanta mini bayaninki. Wannan ja'irar ta tsallake wani wuri, na ji numfashinta ya canza, amma ban tambaya ba.

Zancen na zare wayoyi, na zare. Da za a sake, kaza ba za ta taka Fatiha ina kallo ba. Amma na ji abin da ya jawo, kuma ban ji daɗi ba. Yarinyar nan ta rame, na gani.

Zancen buɗewa shi ne ban yarda ba. Ku kun ce abu biyu ne, na asali da na ajiya. Na asalin kun saka a na'ura ta cinye. Yanzu kuna so in ba ku na ajiyar ku saka a na'urar da ta cinye na farko. In ta sake fa? Kuma ita da bakinta ta ce Aƙilu ya sa guduma. To muddin yana ɗinke, ni a wurina yayanki yana ciki yana karatunsa. In aka farke aka tarar babu, me za ku ba ni in rataya?

Ke mai ilimin abin ce. In za ki rantse mini yana nan, kuma zai fita lafiya, sai in sake tunani. In ba za ki iya ba, ku bar ni da abina.

Ki riƙa shan abu mai zafi. Wassalam.

Gembu
Ranar Alhamis

Inna,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina tambayar ƙafa. Na daina hawa tudu cikin ruwa, sai ya tsagaita.

Ba zan rantse ba, Inna. Ke kika hana mu rantsuwa a kan abin da ba mu gani ba. Mai yiwuwa yana nan lafiya, don abin yana da ƙwari, kuma kin naɗe shi a takarda. Mai yiwuwa kuma ya fashe. Abin da zan iya yi miki alkawari shi ne, in yana nan, kafin a yi komai Ibtisam za ta kwafe shi wurare da yawa, yadda ba na'urar da za ta sake cinye shi.

Na san abin da nake roƙo ba ƙarami ba ne. Ni ma tsoron nake ji, don ban taɓa jin karatun nan ba, kuma ina so in ji. Amma Yaya ba don a ajiye ya yi shi ba. Yana cikin ciwo ya zauna yana faɗin haruffa ɗaya bayan ɗaya don Lado ya ji daga bakinsa. Ni da ke muna da muryarsa a kunne, ba za ta fita ba. Lado ƙarami ne, tasa za ta fita.

Ruwan allo ma, Inna, da kike tara mana a ƙwarya, ba ki taɓa rufewa kin ajiye ba. Ba mu kike mu sha.

Duk abin da kika yanke, ba zan sake tayar da maganar ba.

'Yarki,
Batul

Ƙofar Gayan
Ranar Asabar

Goggo Batul,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ganyen shayi ya iso, Umma ta ce yanzu ta yarda kina aiki. Ki zauna kafin ki karanta, amma ba a ciyawa ba.

Na karanta wa Inna takardarki ba tare da tsallake ko kalma ba. Ta ce, "Ta iya magana, ubanta ta biyo." Shi ke nan. Kwanaki suka wuce a haka. Malama Radiya ta zuba sabuwar manhajar, kwamfutar ta tashi, ta gane makirfon nan take. Tubalan sun ƙara kyau, har da waɗanda ban san aikinsu ba. Amma ba na jin daɗin kunna ta, gida ne sabo ba kowa a ciki.

Jiya da hantsi Inna tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, Lado ya zo ya haye cinyarta. Ta ce, "Angona, ka zo karɓar kuɗin cefane ne ko bayarwa?" Bai kula ta ba. Ya ga zaren a wuyanta ya jawo, ya ce nan Baba yake? Ya kara layar a kunnensa ya daɗe, har da rufe ido. Sai ya ce, "Inna, ki ce masa ya ɗaga murya, ba na ji."

Ta sauke shi a hankali, ta ture farantin shinkafar gefe, ta ce mini, "Ke, kawo reza."

Ita ta farke da kanta, zare bayan zare, ba ta bar ni na taya ta ba. Takardar ciki ta lotsa, shatin gudumar Aƙilu ya fito a gefe ɗaya. Memorin ya zame can ɗaya gefen. Umma ce ta saka shi a kwamfutar. Jakar ta fito. Ban buɗe ba sai da na kwafe, kamar yadda kika yi alkawari: a kwamfutar, a wayar Umma, yau kuma na kai wa Malama. Naki yana biye da takardar nan.

Sannan na buɗe. Sabuwar manhajar ta ɗan yi tunani, allona ya fito. Lado ya danna. Baba ya ce, "Ba."

Umma ba ta fita ba wannan karon. Inna ta juya fuskarta bango, yadda kika ce tana yi, ta saurara a haka. Lado yana danna yana bi har muka kai wurin shirun. Harafi ya fito, ba murya. Na buɗe baki zan ce gobe zan fara ɗaukar sauran, sai Inna ta ce, "Da wannan karatun naki na gudu? Kawo abin maganar."

Ta sake alwala, ta sa na ɗora kwamfutar a kan matashi, ta gyara zama. Na danna ɗauka na miƙa mata makirfon, ita ba ta san ya fara ba. Ta riƙe shi da hannu biyu, ta ce a hankali, "Ka huta haka nan, na karɓa." Sannan ta dube ni ta ce in kunna mana. Ta yi sauran Fatiha harafi da harafi, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, kuma jan nan iri ɗaya ne sak. Aikin yanka su da jera tubalan ya kai ni har Azahar ta yau.

Tsohon memorin da ya mutu ta karɓa. Ta ce a kai wa Aƙilu ya mayar a fatar, wannan karon ya buga yadda yake so.

Ɗazu Lado ya yi karatunsa daga farko. Ya kai inda Baba ya tsaya, ya danna, maganar Inna ta fito, sannan harafin. Bai juyo ba, bai tambayi masallaci ba, ya ci gaba da dannawa har ƙarshe.

Na tambayi Inna ko in yanke wurin da ta yi magana kafin karatu. Ta ce wane wuri, ita ba ta ce komai ba. Ban yanke ba. Za ki ji shi.

'Yarki,
Ibtisam